4.3 Tarken Wa'azin Biyayyar Iyaye a Ƙasar Kura

A wannan sashe za a duba yadda wa'azin biyayyar iyaye ya zama fagen zargin juna tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala a Kura da Bunkure. Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos cikin 1978, matasa da dama suka daina tsugunawa gaida iyaye, suka kuma ƙaurace wa sadakar uku da bakwai da arba'in. Dattawan Tijjaniyya da Ƙadiriyya suka ɗauki wannan a matsayin yasar da iyaye. Su kuwa matasan suka ce tsugunawa al'ada ce kawai, abin da addini ya ɗora wa ɗa shi ne ci da sha da sutura da magani.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Masu wa'azin ɗariƙa sukan jawo Suratul Isra'i, aya ta 23 da 24, inda aka yi umarni da tausasa wa iyaye idan tsufa ya riske su. Na Izala kuma sukan jawo Suratu Luƙman, aya ta 15, wadda ta hana bin iyaye a kan shirka. Sai dai wannan ayar ita ce kuma ta ce a zauna da su da kyautatawa, amma sau da yawa zafin jayayya yakan sa a manta da ƙarshen nata.

Babban raunin wa'azozin biyu shi ne sun bar jaki suna dukan taiki. Abin da ya riƙe tsoho a da shi ne gandu, inda 'ya'ya ke noma tare da uba, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Bayan kammala madatsar ruwan Tiga a 1974, ruwa ya iso Kadawa da kewaye, noman rani na alkama da tumatir da shinkafa ya koma na kuɗi. Saurayi ya samu hanyar yin ƙwadago ko hayar fili ba tare da jiran uba ba, gandu ya yi ta raguwa. Wannan sauyi ya shafi ɗan Izala da ɗan ɗariƙa baki ɗaya.

Rauni na biyu shi ne rashin ambaton mata. Surukai da 'ya'ya mata su ne ke dama kunu, su wanke tsohuwar da ta kwanta, wasu ma da kuɗin turaren shinkafa suke sayen magani. Duk da haka, idan jinya ta gaza, matar ɗa ake fara zargi da raba ɗa da uwarsa.

Saboda haka wannan nazari yana ganin wa'azin zai fi amfani in ya bar tambayar wa ya tsuguna, ya koma kan wa ke ciyarwa, wa ke kwana da majinyaci, da yadda 'yan'uwa za su raba nauyin. Matuƙar ba a yi haka ba, tsoho na kwance a ɗaki ana musu a kansa a masallaci.