Tikitin ganin matsirgar ruwa

A jihar Kolorado ta Amurka, cikin gandun dajin tarayya da ake kira White River, akwai wani ɗan tafki mai suna Hanging Lake. A jikin dutse yake maƙale, ruwansa garai-garai har kana hango ƙasansa, ga kuma ruwa yana zubo masa daga bisa. Daga wurin ajiye mota zuwa bakinsa kimanin kilomita 2 ne, amma hawa ne zalla, ya haura mita 300. Tun daga 2019 ba mai taka hanyar sai da takardar izinin da ya saya tun kafin ya baro gida, kuma hukumar gandun daji ta tsayar da adadi: mutum 615 a rana. Ina goyon bayan ƙayyadewar. Yadda ake raba takardar ne bai kwanta mini ba.

Abin da ya kai su ga haka ba boyayye ba ne. Amurka tana da gandun dajin tarayya 154, fili ne da ba ka iya zagaye shi a rayuwa guda, amma jama'a ba bazuwa suke yi a cikinsa ba. Tun da waya ta zama kyamara, Instagram kuma ya zo a 2010, sai tattakin daji ya koma bin sawun hoto. Wani ya ɗauka, ya liƙa sunan wurin, dubbai su gani su ce su ma sai sun tsaya daidai inda ya tsaya. Matsirgar ruwa kuwa ita ta fi dacewa da wannan yayi: hanyarta tana da ƙarshe sananne, sau da yawa ba ta da nisa, kuma ko wanda bai iya ɗaukar hoto ba zai dawo da mai kyau. Dajin da ke tsakanin mota da ruwan ya zama wahalar da ake sha kafin a kai ga biyan buƙata.

Shi wannan tafki ba ya jure runtsi. Ruwan da ke ciyar da shi yana ɗauke da narkakkiyar farar ƙasa, wadda take kwantawa kaɗan-kaɗan cikin shekaru masu yawa har ta gina masa baki. Abin da aka gina haka, tafin ƙafa yana iya farfasa shi a yini ɗaya, maiƙon jiki da man shafawa kuma suna gurɓata ruwan. Shi ya sa aka hana wanka, aka hana zuwa da kare, aka hana hawa wani gungumen itace da ke kwance a cikin ruwan. Allunan gargaɗi suna nan kafe. Duk da haka a 2017 wani kamfanin tufafi ya ɗauki hoton tallarsa a kan gungumen nan, ya kuma watsa shi. Idan mai sayar da kaya ya yi, me zai hana saurayin da ya ga tallar?

A shekarar 2017 ɗin ce kuma aka ga mafi muni a jihar Oregon. Ranar 2 ga Satumba, ana tsakiyar fari, an ma hana kunna wuta a daji, wani yaro ɗan shekara 15 ya jefa abin wasan wuta cikin kwazazzabon Eagle Creek. Mutum sama da 150 da suka je shan iska wajen matsirgar Punch Bowl wuta ta tare musu hanyar komawa, a daji suka kwana. Gobarar ta cinye kusan eka 50,000, tartsatsinta ya tsallake kogin Kolumbiya ya kama a jihar Washington, aka rufe babbar hanyar mota, 'yan kwana-kwana suka yi ta fama kafin su ceci tsohon masaukin baƙi na 1925 da ke gindin matsirgar Multnomah. A 2018 alƙali ya yanke wa yaron biyan diyyar fiye da dala miliyan 36. Takardar izini ba lallai ta hana yaro ganganci ba, wannan gaskiya ne. Amma tana rage yawan waɗanda za a nema a fitar daga ƙunƙuntar hanya guda ranar da abu ya ɓaci.

Inda na rabu da tsofaffin 'yan tattaki shi ne maganin da da yawansu suke so, wato a ɓoye wuraren. A 2018 hukumar yawon buɗe ido ta Jackson Hole a jihar Wayomin ta roƙi baƙi su daina liƙa ainihin wurin da suka ɗauki hoto. Niyyar mai kyau ce, amma ka duba wanda ɓoyewar take amfana: wanda mahaifinsa ya kai shi tun yana ƙarami, mai abokai masu taswira da takalmin hawan dutse. Wanda bai gaji abin ba, ta waya ya san akwai irin wannan wuri a ƙasarsa, kuma harajinsa yana cikin kuɗin da ake kula da shi. Kada a manta kuma, gandun dajin tarayya ba kamar wurin shaƙatawa na ƙasa ba ne. Doka ta yarda a sare katako a cikinsa, a yi kiwo, a yi farauta. Dajin da ake shiga da zarto, da wuya a gamsar da ni cewa yarinya mai riƙe da waya ce babbar abokiyar gabarsa. Yawan ƙafa a wuri guda ne matsalar, ba irin mutanen da suka zo ba.

Mu ma abin ya fara leƙo mu. Ƙungiyoyin tattaki na Abuja da Jos suna cika motoci ranar Asabar zuwa matsirgar Gurara da ta Farin Ruwa da ta Assop, kuma ina murna da ganin matasa sun fita daga ɗaki. Abu biyu kawai nake roƙo: a bar sifika a mota, a dawo da ledar ruwa a jaka. Wanda ya yi tafiyar awa uku don ya ji ƙugin ruwa bai kamata ya tarar da gidan biki ba.

To, in ƙayyadewa ta zama dole, yaya za a yi ta? A Hanging Lake an sa dala 12 a kan kowane mutum a lokacin da aka fi zuwa. Magidanci mai iyali shida ya tashi a dala 72 kafin ya sayi man mota. Kuɗin ma ba shi ne kaɗai shingen ba. Sai kana da intanet da katin banki, sai kuma ka san ranar hutunka tun da wuri, abin da mai wankin kwanuka a otal ko leburan gini ba ya sani sai mako ya kama. Ta haka layin da aka ce na kowa ne yake tace mutane ba tare da an kori kowa da baki ba.

A Multnomah, mai tsayin mita 189, wadda mutum fiye da miliyan 2 suke ziyarta a shekara, an ɗan sassauta: da bazara ake neman takardar shiga mai ƙayyadadden lokaci, dala 2 ce, kuma ga masu zuwa da motarsu ta babbar hanya aka yi ta, wanda ya hau bas ba ruwansa da ita. Wannan ya fi kusa da adalci, domin abin da ya cika wurin shi aka taƙaita. Da ni ake shawara, sai in ce a riƙa ware kashi ɗaya cikin uku na takardun kowace rana ga waɗanda suka zo da safe ba tare da sun yi rajista ba, yara su shiga kyauta, a kuma kafa allo a bakin hanya da ke nuna nawa aka tara bara da gadojin da aka gyara da kuɗin.