Motar Kara, Motar Gwangwani da Taragon da Bai Iso Baure Ba

A Ingila da Jamus da Amurka akwai dattawa masu furfura da ke raba dare suna haɗa 'yan ƙananan taragun jirgin ƙasa. Kamfani ne ke yanko sassan daga farantin tagulla ko farin ƙarfe, ya haɗo da takardar bayani, mai saye ya zauna da ƙarfen liƙi da dalma yana manna su ɗaya bayan ɗaya. Komai da awonsa. A ma'aunin da aka fi yayi, wanda suke kira HO, tsawon tarago na gaske ake rabawa gida 87. Kamfanin Märklin na Jamus ya faro tun 1859, Hornby na Ingila kuma ya fara fitar da jiragensa a 1920. Tsofaffin taragun kaya na wancan zamani yau gwanjonsu ake yi, wanda ya saya ya adana a akwatin gilashi.

Irin wannan hannu muna da shi a ƙasar Daura, sai dai a wurin yara yake. A Baure da ƙauyukanta, da zarar an yi girbi kara ya bushe, sana'a ta buɗe. Yaro zai ɓare karan dawa, ya ware sille daban, totuwa daban. Totuwa ita ce katakonsa, sille shi ne ƙusarsa, taya kuwa sakaina ce da ya goga a dutse har ta zama da'ira. In ya ƙara wayo sai ya koma langa-langa da gwangwanin madara ko na tumatir, ya yanko taya daga tsohon silifas, ya ɗaura doguwar waya ta zama sitiyari, yana tafe yana juya ƙafafun gaba. Na fi jinjina wa wannan sitiyarin a kan komai, domin wanda ya iya haɗa shi ya gane yadda juyi ke sauka daga hannu zuwa taya ba tare da an zana masa a allo ba.

Yara ba sa liƙi. Lanƙwasawa suke yi, su huda, su ɗaure. Liƙin dalma aikin manya ne a kasuwa, masu yin aci-bal-bal da mazurari, waɗanda ke gasa ƙarfe a gawayi su ɗiga dalma a bakin gwangwani. Aikin dattijon can na Ingila ke nan sak, bambancin kawai shi nishaɗi yake nema, su kuma abin cefane.

Abin lura shi ne, ɗan Baure babbar mota yake ƙerawa, mai bodin katako da lodi har sama, ko akori-kura, ko tirela. Tarago ba ya cikin lissafinsa, kuma tarihi ne ya jawo haka. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, duk ya kewaye Daura. Gyaɗar wannan yanki a bayan jaki da raƙumi, daga baya a mota, take zuwa Kano kafin ta ga tarago. Abin da ya wuce ta ƙofar gidansu shi yaro ke kwaikwayo.

A ganina mai haɗa sassan kamfani ya fi mu awo, yaronmu ya fi shi ido. Shi an yanko masa komai, namu kuwa kallon mota yake yi a tasha ranar kasuwa, ya koma gida ya fitar da ita daga tarkacen bola. Inda muka yi asara shi ne ajiya. Gara ta ci ta kara, tsatsa ta ci ta gwangwani, wadda ta tsira a share ta da tsakar gida. Kowane tsara daga farko yake somawa. Ga kuma motocin roba masu araha sun cika kasuwa, uba ya saya wa ɗansa don ƙauna, hannun yaron ya zauna ba aiki. Wannan yana damuna ƙwarai.

A watan Fabrairu na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kuma an kafa Jami'ar Sufuri a Daura. Ranar da ɗan Baure ya je Daura ya ga jerin taragu, zai dawo da niyyar ƙerawa, kuma a nan kara zai gaza masa. Tarago yana buƙatar layi biyu da tazararsu ba ta sauyawa, da ƙafafu masu leɓe da ke riƙe dogo, da maɗauri mai jan na baya ba tare da ya ɓalle a kwana ba. Ido kaɗai ba ya fitar da wannan, sai da awo da dalma. Dole yaron ya je rumfar mai liƙi ya durƙusa ya koya, kuma ya kamata jami'ar ta Daura ta tanadi ɗaki da kanta inda za a ajiye taragon farko da zai fito daga hannunsa.