Gwanintar Zama da Ciwon Suga

Ruwan madatsar Bakalori, wadda aka kammala a 1978, ya mai da ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun gidan shinkafa da masara da dankali da rake. Albarka ce babba. Sai dai ga mai ciwon suga a gari irin Morai, yawancin abin da gonar ke bayarwa kan narke ya zama suga a jini cikin ɗan lokaci. Duk da haka akwai masu shekara da shekaru da cutar, suna nomansu, suna cin kasuwar Talata, ido garau, ƙafa lafiya. Sana'a ce suka koya, kuma ta isa a tsaya a kalle ta.

Kayan aikin ba su da yawa: na'urar gwaji da ba ta cika tafin hannu ba, kwalbar tsinkayen gwaji (siraran 'yan takardun nan masu tsotsar jini), abin huda mai allura a ciki, auduga, da ɗan littafi.

Da asuba, kafin komai ya shiga baki, gwani zai wanke hannu da sabulu ya goge shi tas. Dalilin ya wuce tsabta. Idan ɗanƙon dabino ko mangwaro ya saura a yatsa, na'ura za ta haɗa shi da jini ta ba da lamba mai tayar da hankali a banza. Idan kuma da laima, jinin ya tsinke. Sai ya zaro tsinke ɗaya ya rufe kwalbar nan take, don iska da zafi na kashe sinadarin da ke bakinsa. Saboda haka ba ya barin kwalbar a aljihun babur ko bakin taga a bazara, lokacin da zafi kan haura 40, kuma yana duba ranar lalacewar da aka buga a jikinta.

Ga inda hannu ke nuna ƙwarewa. Zai murza yatsun su yi ɗumi, ya saki hannun ƙasa jini ya sauko, sannan ya huda gefen kan yatsa, inda ciwo bai kai na tsakiya ba. Yau wannan yatsa, gobe wancan, kada fata ta yi kanta. Ba ya matsa da ƙarfi, domin matsa na fito da ruwan tsoka ya gauraya da jinin. Ɗigo ɗaya ya taru, ya kara bakin tsinken, tsinken ya zuƙe da kansa. A ciki, sinadarin ya haɗu da suga ya haifar da 'yar wutar lantarki. Ƙarfin wutar ne na'ura ke aunawa ta mai da shi lamba, cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Abin da a da sai ɗakin gwajin babban asibiti, yau ana yin sa a kan tabarma.

Karanta lambar ma ilimi ne. Ga mafi yawan manya masu cutar, ana son 80 zuwa 130 kafin cin abinci, ƙasa da 180 sa'a biyu bayan fara ci. Wata na'urar kan nuna 7.0 inda wata ke nuna 126. Ma'auni ne ya bambanta, a ninka ta farkon sau 18 a sami ta biyun. Idan lamba ta yi ƙasa da 70, ga rawar jiki, gumi da jiri, suga ya faɗi ke nan, kuma haɗarinsa na gaggawa ne. Sai a sha babban cokali guda na sukari a ruwa, a jira minti 15, a sake gwadawa. Shi ya sa za ka tarar da alewa a aljihun wanda ya san abin da yake yi.

A ganina littafin ya fi na'urar daraja. Kowace lamba ana rubuta ta da ranarta da lokacinta da abin da aka ci. Bayan 'yan makonni sai mutum ya fara gane jikinsa: malmala biyu ta tuwon shinkafa ta kai shi ina, malmala ɗaya da miyar zogale mai yawa da wake ta tsaya ina, fura da nono ba sukari me ta yi, koko mai zaƙi da safe me ya jawo. Ya kuma ga da idonsa cewa tafiyar ƙafa bayan tuwon dare na sauke lamba, domin tsoka mai aiki na janye suga daga jini. Uwargida a nan abokiyar sana'a ce. Ita ke auna malmala, ita ke cewa, “Malam, yau miyar ce da yawa, tuwon kaɗan.”

Wani kuwa zai ce ai yana jin jikinsa, ya ajiye ƙwayoyi ya sayi jarkar jiƙo mai ɗaci a kasuwa. Matsalar ita ce suga kan daɗe a sama ba tare da ya nuna alama ba, yana cin jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa a hankali.

Ƙafa kuwa, ga manomin da ke shiga ruwan shinkafa, tana da nata aikin kullum. Cutar na dushe jijiyoyin ji, ƙaya ta soki mutum bai sani ba. Gwani kan duba tafin ƙafarsa da dare, da madubi ko idon ɗansa, ya busar da tsakanin yatsu bayan alwala, ya zazzage takalmi kafin ya sa, ya shafa mai a diddige lokacin hunturu kada kaushi ya tsage.

Ranar asibiti, a Talata Mafara ko Gusau, da littafin zai je. Akan yi masa wani gwaji da ke nuna matsakaicin sugansa na kimanin wata uku, wanda ake so ya tsaya ƙasa da kashi 7 ga yawancin mutane. Likita ya ɗora wannan a kan shafukan da aka rubuta a gida, daga nan ya san ko a ƙara magani, ko a rage, ko a sauya lokacin shansa.