Birnin Zazzau Sai da Ƙafa!

Shekara huɗu na yi a Samaru ina karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a duk tsawon lokacin in an tambaye ni sai in ce na san Zariya. Ashe Sabon Gari na sani, da PZ, da Kongo, da Tudun Wada. Birni kuwa, wato cikin ganuwa, shigar da na yi ba ta fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, ita ma a bayan babur, a guje, don sallar Juma'a ko kallon hawan salla. A ƙarshen hunturun da ya wuce ne Allah ya nufa na koma, na ajiye mota a Ƙofar Doka, na shiga da ƙafa. Kwana uku na yi ina zaga lungu da saƙo, kuma wallahi tun da na dawo duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha labarin Zazzau. Kai, garin nan ya tafi da ni!

Mai mota ba ya ganin birnin nan. Abin da zai gani bai wuce kwalta da shaguna masu ƙofar ƙarfe ba, daga gadar sama ta Ƙofar Doka zuwa shataletalen Babban Dodo, ya leƙa ƙofar fada ya juya. Amma ka sauka daga titi, ka kutsa lungu na farko da ya yi maka, taku ashirin kacal sai ƙarar babura ta yi baya. Abin da zai maye gurbinta shi ne muryar almajirai suna biya allo, da sautin turmi daga bayan katanga, da sallamar dattijo a bakin zaure. Lungunan nan su ne hanyoyin yawon Zazzau, kuma babu wanda ya zana su da ma'auni. Ƙafar mutane da kofaton dawaki da jakuna ne suka fitar da su cikin ɗaruruwan shekaru. Kana tafe sunayen unguwanni suna faɗa maka tarihi: Kwarbai, Ƙaura, Magajiya, Unguwar Juma, Limancin Kona, Unguwar Alƙali, Unguwar Nufawa, Albarkawa, Alfadarai. Wani sunan sarauta ne, wani sana'a, wani kuma asalin mutanen da suka fara sauka a wurin.

Sai gidajen. Tubarkalla! Gaskiya ne bulo da kwano sun ci da yawa, amma har yanzu kana karya kwana sai ka yi kaciɓis da soron ƙasa mai zanko, an shafe shi da makuba, an yi wa fuskar zauren zayyana tun daga dokin ƙofa har sama. Akwai dagi, akwai takobi, akwai ma inda magini ya zana keke ko agogo don a san mai gidan ya ga zamani. Na shiga wani zaure da tsakar rana, rana tana dukan ƙeya a waje, ciki kuwa sanyi kamar bakin randa. Na ɗaga kai na ga bakan gizo sun taso daga bango huɗu sun haɗu a tsakiya, azara jere a tsakaninsu, an kafa tasa a ƙoli. Babu siminti, babu ƙarfe, ga shi tsaye tun zamanin kakan mai gidan.

A zaure irin wannan na sami abin da ya fi komai tsaya mini a rai. Mu da muka saba da kanti mai gilashi da allon suna, ba za mu gane shagon Zazzau da wuri ba, domin zauren gida shi ne shagon. Wani dattijo na tarar zaune kan buzu, tabarau a karan hanci, aljihun babbar riga shimfiɗe a gwiwarsa, samari uku a gefe kowa da allurarsa.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba."

"Wa alaikumus salam. Yauwa, sannu ɗana. Bismillah, shigo daga ciki, ranar nan ba ta tsayuwa ba ce."

Shigar da na yi ke nan, ban fito ba sai da aka kira azahar. Ya nuna mini yadda mai zane yake fara fitar da fasalin aiki da alƙalami da tawada a kan ƙyalle, sannan maɗinki ya bi sawu da zare, ɗinki bayan ɗinki, har zanen ya ɓace a ƙarƙashin aiki. Ya nuna mini aska biyu da aska takwas, da gidan biyar, da tambarin da ke zagaye a bayan riga, da linzami a wuya. Ya ɗauko wani ƙullin zaren tsamiya ya ɗora mini a tafin hannu, wato silikin da ake samu daga saƙar tsutsar da ke zama a itatuwan daji, a dafa shi da toka, a kaɗa shi da hannu. Ba ya ƙyalli kamar zaren kanti, amma yana da wani irin kwarjini da ido ba ya gajiya da shi. Na ce, "Baba, riga ɗaya kwana nawa take ci?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai ba kwana ake ƙirgawa ba, wata ake ƙirgawa." Ya ƙara da cewa wani sashe na aikin a cikin gida ake yi, domin matan birni da yawa sun iya allura, suna ɗinka huluna da riguna daga ɗakunansu, da haka suke rufa wa kansu asiri. In riga ta kammala sai a kai wa masu bugu, su shimfiɗa ta a kan gungume su yi ta dukanta da gudumar itace har ta kwanta tana sheƙi. Da ya kwatanta mini wurin, ban buƙaci ɗan rakiya ba, sautin bugun ne ya ja ni: tim, tim, tim, mutum biyu suna karɓa wa juna kamar makaɗa.

Hula ɗaya na iya saye a ranar, kuma ko da na biya ban ji na biya wahalar da ke cikinta ba. Duk mai sa rigar inji ya zo ya dafa aikin hannun Zazzau sau ɗaya, zai san akwai riga akwai riga.

Kasuwar birni kuwa hanci ne yake fara isa kafin ƙafa. Citta, kanumfari, masoro, kimba, daddawa, ga kuka da busasshiyar kuɓewa an tsiba a faifai. Ga 'yan koli da madubi da kwalli da tsakiya. Ga dukawa suna ɗinka kube da linzami da kayan doki, domin garin da ake Hawan Daushe ba ya rabuwa da masu gyaran sirdi. Ga mazarƙwaila curi-curi, wadda ake dafawa daga raken ƙasar Zazzau, ga alewa da dakuwa da nakiya. Na daɗe a rumfar masu littattafai, inda Ahalari da Iziyya da Risala da Ishiriniya suke jere kusa da alluna da tawada da gafaka, yaro ya zo da kuɗinsa a dunƙule a hannu ya sayi alƙalamin kara ya ruga. A nan ne kirarin birnin ilimi ya zauna mini daidai. Kafin makarantar Alhudahuda ta 1910, kafin kwalejin Barewa ta tare a Zariya a 1949, kafin jami'a ta buɗe a 1962, zaurukan Juma da Kona suna cike da masu neman fiƙihu da nahawu daga nesa. Ba banza ba jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga garin nan a 1939, Abubakar Imam yana editanta.

Kada kuma wanda ya bar birni bai sha fate ba. Na san Kanawa sun daɗe suna tsokanar Zage-zagi da shi, wasa ne na tsakaninsu mai daɗaɗɗen tarihi, amma ni dai na ba Zazzau gaskiya. Wata inna ce ta zuba mini a kwano, tsakin masara ya dahu luguf da yakuwa da gauta da gyaɗa, tururi yana tashi, ɗan tsamin nan yana taɓa harshe. Na ce, "Inna, a ƙara." Ta ce, "Ai baƙo ba ya roƙo a nan, miƙo kwanon." Har yau ina jin ɗanɗanonsa.

Ƙofar fada ita ce cibiyar gari, kuma ta cancanci a tsaya a ƙare mata kallo: zayyana mai launi-launi tun daga ƙasa har zanko, dogarai cikin ja da kore, masu algaita da kakaki in ranar ta kama. Sarki na yanzu, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya hau a watan Oktoba na 2020 bayan rasuwar Alhaji Shehu Idris, wanda ya yi shekara 45 a kan gado. Malam Ahmed shi ne na 19 a jerin sarakunan Fulani, daga gidan Mallawa, ɗaya daga gidaje huɗu da ke sarautar tare da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Daura da fadar ne masallacin Juma'a yake, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Na yi salla a cikinsa ina ɗalibi, kuma ban manta da ginshiƙan nan masu kauri da bakan gizon da ke tashi kamar za su taɓa sama ba. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe nasa ya rufta ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama. Na tsaya a wurin na yi musu addu'a, zuciyata ta yi nauyi. Wanda yake son ganin fasalin aikin Babban Gwani, akwai kwafinsa da aka gina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Wani zai tambaya, ina wurin shaƙatawa? Zazzau ba ta jira an kewaye mata fili da waya an sa mai karɓar kuɗi a ƙofa ba. Tana da rimi. Ya Allah, rimayen Zariya! Tun daga nesa su ne suke fara yi maka maraba, sun yi wa soraye da hasumiyoyi rata, saiwoyinsu sun fito kamar katangu har yaro ya ɓuya a tsakaninsu. Unguwanni ma da su ake kiransu: Rimin Tsiwa, Rimin Doko, Rimin Danza. Na yi sa'a na zo lokacin da 'ya'yansu suke fashewa, audugar tana yawo a iska fara fat, ita ce ake cusa wa matashi da katifa, da ita kuma ake cika lifidin dawakin yaƙi a da. A gindin wani na zauna bayan la'asar, dattawa suna hira a kan tabarma, mai shayi yana fifita wuta, yara suna langa, shirwa tana shawagi a sama. Ban san lokacin da magariba ta kawo jiki ba. Ga kuma abin da ya ba ni mamaki: a cikin ganuwar akwai sauran gonaki da lambuna da kududdufai, waɗanda ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne ruwa ya cika su. Magabata sun kewaye fili mai yawa da gangan, don ko an yi wa gari ƙawanya a sami abin nomawa. Har da dutse a ciki, Madarkaci.

Ganuwar kanta, wadda ake danganta irinta da Sarauniya Amina 'yar Bakwa Turunku, ta haura kilomita 14 a zagaye. Na bi gefenta da sassafe daga wajen Ƙofar Gayan na nufi Ƙofar Kuyambana, raɓa tana jiƙa mini takalmi, masu kai kayan lambu kasuwa suna wuce ni a kan kekuna muna gaisawa. Inda ta rage da tsayinta, in ka hau sai ka ga birni a hannu ɗaya, karkara a ɗaya hannun. Sauran ƙofofin kuwa ko sunansu kaɗai daɗin faɗa gare shi: Kona, Bai, Jatau, Galadima, Kibo. Sai dai a nan ne raina ya sosu. Wurare da yawa ganuwar ta zama tudu kawai, ruwa ya ci, an ɗebi ƙasarta an yi gini, wani wurin an mai da shi juji, leda ta lulluɓe. Abin da kakanni suka ɗora da hannu, kwando bayan kwando, bai kamata ya ƙare a idonmu ba.

Rana ta uku na fita bayan gari ta yamma, na nufi Wusasa, inda 'yan mishan suka koma a 1929 suka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sak, kuma inda Janar Yakubu Gowon ya tashi. Daga nan Dutsen Kufena yake tsaye a gabanka, baƙi ƙirin, shafaffe kamar an wanke. A gindinsa mutanen Zazzau suka zauna kafin birnin yanzu ya kafu, kuma har yau ana ganin alamun tsohuwar ganuwa a kewayensa. Hawan yana sa haki, kuma wajibi ne ka nemi ɗan gari ya nuna maka inda ake taka ƙafa. Amma da ka kai sama iska ta buge ka, ka juya gabas, sai ga Zazzau gaba ɗaya shimfiɗe cikin hazo, rimaye sun yi mata rumfa, hasumiyoyi sun ɗago kai. Na ce Allahu Akbar, na sake cewa, na zauna a kan dutsen na kasa tashi.

Ɗan'uwa mai karatu, musamman kai ɗalibin Samaru ko Kongo, da kai mai wucewa ta hanyar Kaduna zuwa Kano kullum ba ka taɓa ratsewa ba: ware yini ɗaya. Ka zo da sassafe, ka sa takalmi mara nauyi, ka riƙe 'yan canji a aljihu. Ka yi sallama a kowane zaure, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum ko gidansa, kuma in ka yi ciniki da mai allura kada ka matse shi, ka sayi ko da hula ɗaya ce. Masu iko da masu hali kuma, don Allah a tallafi ganuwar nan da sauran sorayen ƙasa tun suna tsaye. In ka shiga lungunan ka tarar da wani dattijo mai tabarau yana fitar da aska takwas a kan buzu, ka ce ɗansa mai hula yana gaishe shi, kuma yana nan tafe karɓar riga.