Ƙwallon Lampard da Shaidar Na'ura

Tun da yake har yanzu ana ta jayayya a kan ko na'ura tana kashe armashin ƙwallon ƙafa, sai mu koma Bloemfontein, ranar 27 ga Yuni 2010, minti na 38 na wasan Jamus da Ingila a gasar cin kofin duniya, domin a nan hujjar take. Klose da Podolski sun ci wa Jamus, Upson ya farke wa Ingila ɗaya da ka, sa'an nan Frank Lampard, da ya hangi mai tsaron ragar Jamus Neuer ya ɗan baro layinsa, ya ɗaga ƙwallo ta bisa kansa da irin lissafin da ba a koyarwa a allo, ta bugi ƙarfen sama, ta dira bayan layi da tazarar da ko mai hakiya zai gani, ta yi tsalle ta fito. Neuer kuwa ya cafe ta, ya jefa gaba, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

'Yan kallo sun gani, masu talabijin sun gani, kocin Ingila Capello har ya fara murna, amma alƙali Jorge Larrionda da mai ɗaga masa tuta, waɗanda su kaɗai dokar wasa ke karɓar shaidarsu, ba su gani ba. Ba na ɗora musu alhakin duka, gama ido yana da iyaka, ƙwallo kuma ba ta jiran kowa. Alhakin yana wuyan Sepp Blatter, shugaban FIFA na lokacin, da majalisar dokokin wasa, waɗanda a watan Maris na 2010 suka ƙi na'urar layi, bisa da'awar cewa kuskuren ɗan Adam yana cikin ɗabi'ar wasan, alhali masu wasan tanis sun riga sun miƙa irin wannan hukunci ga na'urar Hawk-Eye tun 2006. To, wace irin ɗabi'a ce wannan, wadda take shafe hikimar da gwani ya yi shekaru yana gogawa, a bar shi da ɗora hannu a ka?

Müller ya ƙara wa Jamus biyu bayan hutu. Na yarda Jamus ta fi iya wasa a ranar, Jamusawa kuma suna cewa bashin ƙwallon da aka yi ta gardama a kanta, wadda Hurst na Ingila ya ci su a 1966, aka biya. Sai dai wanda ya tafi hutu da 2 da 2 ba ya buɗe bayansa kamar wanda ke neman ramawa, kuma ta nan ɗin aka yi wa Ingila illa.

Blatter ya ba da haƙuri, aka halatta na'urar a Yulin 2012, a Brazil kuma a 2014 kyamarori 14 suka tsare raga biyu, agogon alƙali yana girgiza cikin daƙiƙa guda. Ba ta rage wa wani gwani basirarsa ba. Ƙwallon Lampard dai ta shiga, amma a littafin FIFA har yau 4 da 1 aka rubuta.