Gwanin Dambe da Gwanin Waƙa: Sake Sauraron Ɗan Anace

Kawuna ya baro Karare shekara huɗu ke nan, yana zaman haya a cikin garin Batsari. Gona ta koma sai an ga hali, shanun huɗa an sayar, amma musu bai bari ba. Kullum bayan la'asar sukan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, shi da abokansa uku, duk mutanen ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa. In an gama maganar tsadar taki da ta wanda aka sako jiya, sai a koma kan tsohuwar gardama: tsakanin Shago da Ɗan Dunawa, wa ya fi wani dambe? Kawu na Shago ne. Wani tsohon mahauci a cikinsu na Ɗan Dunawa ne, ya ce ko a gaban Sarkin Ruma zai maimaita.

Da na je gaishe shi da ƙaramar salla, na zauna a bakin tabarma ina saurare har rana ta yi ja. Sannan na ce, "Kawu, a gafarce ni, a cikinku wa ya taɓa ganin damben Shago da idonsa?" Aka yi tsit. Babu ko ɗaya. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai yaro, mi ido ya sani? Ba ka ji abin da Ɗan Anace ya hwaɗi ba?"

Dariya na yi a lokacin. Sai da na koma wurin aiki na gane cewa ya faɗi gaskiyar lamarin gaba ɗaya. Duk hujjar da aka kawo a tabarmar nan, ta kowane ɓangare, daga bakin mutum ɗaya ta fito: Muhammadu Bawa Ɗan Anace, makaɗin ƙasar Sakkwato, wanda ya rasu a 1986, kafin a haife ni.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma mai irin aikina yana da wata cuta. In ya ga ana musu, sai ya ɗauka rashin alƙaluma ne ya jawo. Don haka na buɗe jadawali na ja layuka: suna, ɓangare (Kudu, ko Arewa da ake ce wa Jamus, ko Guramada), sau nawa ya shiga fage, sau nawa ya yi kisa, sau nawa aka kashe shi, a turmi na nawa. 'Yan damben yanzu irin su Ebola da Dogo Mai Takwasara da Ali Ƙanin Bello da Garkuwan Cindo, na samu abin rubutawa a gaban sunayensu, daga bidiyo da rahotannin wasannin gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja da na dandalin Ado Bayero a Kano. Da na zo kan Shago, na rubuta suna, na rubuta Zamfara, na tsaya. Abin da ya rage a hannuna waƙa ce kawai. To, tunda ita ce shaidar, ya kamata a zaunar da ita a yi mata tambayoyi.

Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun koya mana mu fara neman turken waƙa kafin komai. Turken waƙar Shago zuga ne. A fage aka haife ta, a gaban kalangu, lokacin da ɗan dambe ya naɗe hannu yana jiran a kaɗa takensa jikinsa ya ɗauki tsuma. Mutum na farko da aka yi waƙar don kunnensa shi ne Shago. Na biyu shi ne wanda zai ja daga da shi. Aikinta ta cika zuciyar na farko, ta zubar da ta na biyu tun kafin a kai naushi. Mu 'yan majalisa masu sauraro na uku ne, mun zo bayan shekaru aru-aru, mun tsinci makami muna karanta shi kamar littafin tarihi.

Dubi yadda Ɗan Anace yake aikinsa. Da farko, ba ya ƙirge. Harshen dambe kansa ya ba shi jari: wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an ce an kashe shi, ko da zai miƙe ya kakkaɓe ƙura ya je ya sha fura. Kowa ya san kisan na wasa ne. Shi kuwa makaɗin sai ya kama kalmar ya bi ta har ƙarshenta, ya mai da karo da Shago tamkar karo da ajali, ya kai zancen har lahira. Wannan ita ce kambamar zulaƙe da wasu malamai ke tsuke fuska a kanta. Mai sauraro zai tashi bai san sau nawa Shago ya yi kisa ba, amma zai tashi da tsoronsa a ciki, kuma tsoro ya fi lamba daɗewa a zuciya.

Na biyu, yana bukatar abokan karawa, don ana auna gwani ne da girman wanda ya kayar. Waƙar zuga ba ta cin riba in ta ce rago aka buge. Dole ta ɗaga mutum sama kafin ta sake shi. Sai dai duk wanda ya shigo irin wannan waƙa, ya shigo ne don ya faɗi. Ranar da shi ma ya yi sa'a, ranar da aka yi turmi uku ba kisa aka raba su, ranar da gwanin ya kwana da kumburarriyar fuska, waɗannan ranaku ba don su aka ɗaure kalangu ba.

Na uku, kuma a ganina nan ƙarfinsa yake, ita ce muryar. Ɗan Anace yakan sauka daga rerawa ya koma kamar dattijon da ke ba ka labarin abin da ya faru a kasuwa, da raha, da gatse, da ɗan habaici, sannan 'yan amshi su karɓe. Wannan saukowar ce ke sa ka yarda da shi. Mai ƙarya yakan yi ta ɗaga murya, shi kuwa yana magana ne kamar wanda yake wurin, kuma lalle yana wurin. Amshi kuma yana yin aikin da shaidu ke yi a gaban alƙali. Maganar da ka ji an maimaita ta sau talatin daga bakuna da yawa, da wuya ka tuna cewa asalinta baki ɗaya ne.

Ga inda gizo ke saƙar. Ɗan Anacen nan da ya yi wa Shago waƙa, ya yi wa Ɗan Dunawa, ya yi wa Ado Ɗan Kore. Ke nan tsohon mahaucin da ke ja da Kawu, daga rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa. Shaidar da ta tsaya wa mai ƙara ta kuma tsaya wa wanda ake ƙara, ko alƙalin ƙauye zai sallame ta. Ban ga laifin makaɗin ba. Sana'arsa ke nan, da karin da ake yi masa a fage yake ci da iyali, kuma bai taɓa ce wa kowa shi marubucin kotu ba ne. Mu muka ɗora masa rawanin da bai nema ba.

To me ya sa sunan Shago ya rinjayi sauran a bakin mutane? A kunnena, domin waƙarsa ta fi sauran zurfi. A cikinta makaɗin ya fi sakin jiki, hikimarsa ta fi yawo. In haka ne, Kawu yana da gaskiya, amma a kan tambayar da bai yi ba. Abin da ya tabbatar shi ne wace waƙa ta fi, kuma gwanin da yake karewa da jijiyar wuya Ɗan Anace ne.

Mai irin cutata zai ce, da an ajiye lissafi da an huta. Na gwada wannan tunanin, bai tsaya ba. Tsallaka iyaka zuwa Nijar. Tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Yanzu jihohi takwas ke kawo 'yan kokawa goma-goma, ana rubuta wanda ya kayar da wanda aka kayar. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi har sau 6, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023. In lamba ce ke yanke hukunci, magana ta ƙare. Amma je ka gaya wa dattijon Maraɗi cewa an fi Kantu, ka ji abin da zai ce maka game da ƙarfin mazan da da na yanzu.

Ko a inda aka mai da lissafi addini haka abin yake. A Ostireliya suna da wata ƙwallo tasu mai siffar ƙwai, mutum 18 kowane gefe, ana bugawa da ƙafa ana cafewa da hannu. Tun 1924 suke ba da lambar Brownlow ga gwarzon shekara, kuma alƙalan wasa ne ke jefa ƙuri'a bayan kowane wasa: maki uku, biyu, ɗaya. Duk da haka, Leigh Matthews na ƙungiyar Hawthorn, wanda da yawansu ke ɗauka ba a yi kamarsa ba, ya buga wasa 332 daga 1969 zuwa 1985 bai taɓa samun lambar ba. Gary Ablett babba ya ci ƙwallo fiye da 1,000, bai samu lambar ba, bai ɗauki kofi ba. Ɗansa ya same ta sau biyu, a 2009 da 2013, kuma har gobe suna musun uban ne ya fi ko ɗan. Suna da bidiyon wasanni da lissafin kowane bugu, tabarmarsu ba ta naɗe ba.

Saboda haka na daina zargin waƙa da cewa ita ta hana a gama musu. Musun wa ya fi ba a yi shi don a gama ba. Da shi dattawa ke gaya wa yara irin mazantakar da suke girmamawa, da shi kuma wanda ya rasa gida ke riƙe wani abu da ba a iya korewa cikin dare.

Ƙorafina a wani wurin yake. Lissafi ba ya raba gardama, amma yana ajiye sunan wanda ya zo na biyu da na goma. Waƙa kuwa takan ɗauki mutum ɗaya ta haɗiye ɗari. Bidiyon zamani ma bai gyara wannan ba. Tun da tashoshi irin su Dambe Warriors suka fara sa dambe a YouTube a 2017, duniya ta ga wasan, kuma wannan alheri ne. Sai dai abin da ke yawo a wayoyinmu ta Facebook da TikTok guntun daƙiƙu ne na lokacin da mutum ya zube. An yanke auna tazara, an yanke kare kai da hannun garkuwa, an yanke haƙurin turmi biyu da ya haifi naushin. Zaɓen da makaɗi ke yi ne aka sake yi, ba tare da hikimar makaɗi ba.

Abin da ya sa wannan ya dame ni ya faru ne a tabarmar nan, bayan an idar da magariba. Cikin hira Kawu ya ambaci wani bahago na wajensu, manomi, wanda suka ce ya yi kaka wajen goma ana damben bayan girbi a dandalin ƙauyuka tsakanin ƙasar Ruma da ta Safana ba a kai hannunsa ƙasa ba. Nan take su huɗun suka ɗauka. Wannan ya tuna yadda yake tsayuwa, wancan ya tashi yana gwada yadda yake ɓoye hagunsa a bayan cinya. Dukansu sun gan shi, ba sau ɗaya ba. Na ce, "To Kawu, don me ba ku sa shi a cikin musun?" Mahaucin ne ya amsa, kamar na yi tambayar wauta: "Ai shi ba ya da waƙa."

Yana da mai kalangu, ɗan ƙauyensu, amma ba wanda ya taɓa kai masa rikoda. Mutanen da suka yini suna rantsuwa a kan wanda ba su gani ba, sun bar wanda suka gani a waje, domin ba a rera shi a rediyo ba. Nan ne ikon Ɗan Anace ya fi ba ni tsoro, ya kuma fi burge ni: ya sa kunne ya ƙaryata ido.

A da ana iya cewa ba komai, dandali na nan, wani bahagon zai taso. Yanzu fa? Wanda ya san yammacin Katsina ya san abin da bakin dajin Rugu ya zama. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙaramar hukumar Batsari. A Satumban 2021 sai da aka rufe layukan waya a Batsari da Safana da maƙwabtansu. Inda ake noma da ido ɗaya a kan hanya, wa zai tara jama'a da kalangu har dare? Waɗanda suka ga damben ƙauye sun watsu, wasu a Batsari, wasu a Katsina, wasu sun haura Maraɗi, kuma duk shekara ana rage su. Shago ba ya cikin haɗari, makaɗinsa ya gama masa aiki. Waɗanda ba su da waƙa ne ke tafiya.

Don haka shawarata ga masu nazari irin na wannan dandali guda biyu ce. A saurari Ɗan Anace a matsayinsa na gwanin harshe, a yi masa adalcin da ake yi wa mawaƙi, a bar tambayarsa abin da bai ɗauki alkawarin faɗa ba. Sannan wanda ke da tsoho a gida, ya tambaye shi wa ya gani da idonsa, a wane gari, a wace kaka.

Ni na fara. Washegari na koma da waya na danna ɗaukar murya, na ce su ba ni labarin bahagon daga farko. Ba a yi minti goma ba sabon musu ya tashi, a kan ko a turmi na biyu ya kashe wani baƙo da ya zo daga Zamfara, ko a na uku. Mahaucin ya ce na uku. Kawu ya ce na biyu, ya matso da bakinsa kusa da wayar ya ce, "In ka tashi rubutawa, ka sa cewa wannan ni na gani da idona."