Mafarki Ne Ko Ido Biyu? Labarin Da Ya Raba Kan Majalisarmu

Ɗaya daga cikin yaranmu da ke karatun Turanci a jami'a ne ya jawo mana wannan rigima. Ya zo hutu, ya zauna a majalisarmu bayan sallar isha'i, ya fassara mana wani gajeren labari mai suna "Young Goodman Brown", wanda Ba'amurke Nathaniel Hawthorne ya wallafa a 1835. Da ya kai ƙarshe sai wani dattijo ya ce, "To, sai kuma me ya faru?" Yaro ya ce ai shi ke nan. Dattijo ya ce lallai an yage shafin ƙarshe. Kwana uku muka yi muna musu, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo zancen nan.

Ga yadda labarin yake. A garin Salem na Amurka, fiye da shekara 300 da suka wuce, wani saurayi mai suna Brown ya yi sallama da amaryarsa da almuru. Watansu uku da aure. Sunanta Faith, wato Imani, kuma tana da ribom mai ruwan hoda a hularta. Ta roƙe shi ya kwana gida, ya ƙi, ya nausa daji. Can ya haɗu da wani mutum mai kama da shi, riƙe da sanda mai siffar maciji. Mutumin ya ce ya san kakansa, tare suka yi wa wata mata bulala a titunan Salem saboda ɗariƙarta daban ce. Ya san ubansa, shi ya ba shi wutar da ya cinna wa ƙauyen 'yan asalin ƙasar. Suna tafe sai ga tsohuwar da ta koya wa Brown karatun addini yana yaro, tana gaisawa da mutumin nan kamar tsohon aboki. Ya ji muryar limamin coci da dattijon coci suna hanzarin zuwa taron. Daga ƙarshe ya ji kamar muryar matarsa a cikin gajimare, sai ga ribom ya faɗo ya maƙale a reshe.

A wurin taron ya tarar da mutanen gari, na kirki da na banza, sun kewaye wani dutse, itatuwa huɗu na ci da wuta. Aka gabatar da shi da matarsa za a shigar da su ƙungiyar Shaiɗan. Ya ƙwala mata kira, ta dubi sama ta bijire. Nan take komai ya ɓace, ya tsinci kansa shi kaɗai, dutsen ya yi sanyi, raɓa na ɗiga a kumatunsa. Da safe ya koma gari. Matarsa ta taho da murna, ya kalle ta ya wuce ko gaisuwa babu. Haka ya rayu har tsufa, ba ya yarda da kowa, ya mutu cikin ƙunci.

Dalilin da ya sa ƙarshen ya tsaya mana a wuya a fili yake. Mu mun tashi da tatsuniya, wadda in ta ƙare ana cewa ƙurunƙus, kowa ya san makomar Gizo da Ƙoƙi. Littattafanmu na soyayya da finafinan Kano ma galibi sai an tona asirin mugu kafin a tashi. Shi kuwa Hawthorne da kansa ya yi tambayar ko barci ne ya kwashe Brown, sannan ya bar wa mai karatu zaɓi.

Majalisa ta rabu biyu. Masu cewa ido biyu ne sun kafa hujja da ribom: ai ya kama shi da hannunsa, mafarki ba ya barin kaya a hannu. Masu cewa mafarki ne suka ce to da safe fa? Ribom na nan a kan matar. Kuma ina toka, ina gawayi, a wurin da aka ce itatuwa sun ci wuta? Kowane ɓangare na da abin riƙewa, kuma da muka sa yaron ya sake karanta mana sai muka lura da gangan aka yi haka. Ko motsin sandar nan, marubucin ya ce wataƙila rashin haske ne ya yaudari ido. Yawancin abin da Brown ya ɗauka hujja murya ce a duhu ko inuwa a hasken wuta.

A ganinmu, mabuɗin yana cikin tarihin Salem. A 1692 an yi shari'ar maita a garin, aka rataye mutum 19, aka danne wani tsoho da duwatsu har ya cika. Kotun ta karɓi shaidar mutanen da suka ce sun ga kurwar wane ko wance ta zo ta shaƙe su, alhali mai jikin yana gidansa. Ɗaya daga cikin alƙalan, John Hathorne, kakan-kakan marubucin ne, kuma sunayen wasu matan da ke cikin labarin, irin su Martha Carrier, na waɗanda aka rataye ne da gaske. Ka ga ke nan Brown ya yi abin da kotun ta yi: ya yanke wa gari guda hukunci da shaidar da ba ta wuce gani a duhu ba. Marubucin kuma ya zaunar da mu a kujerar alƙali, ya ba mu irin wannan shaidar, ya zuba ido ya ga ko mu ma za mu yi gaggawa. Da ya faɗa mana gaskiyar abin da ya faru, da wannan jarrabawar ta rushe.

Akwai wani abin da musu ya kusa mantar da mu. Mutum ɗaya tak muka tabbatar ya je daji da ƙafarsa, yana sane da inda ya nufa, shi ne Brown. Sauran duk a duhu muka ji su. Amma da gari ya waye bai tuhumi kansa ba ko sau ɗaya. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango na jama'a.

Game da alamomin, shawararmu ita ce kada a mayar da su kacici-kacici mai amsa ɗaya. Wani a cikinmu ya ce ruwan hoda tsakanin fari da ja yake, wato ɗan Adam ba mala'ika ba ne, ba kuma shaiɗan ba. Fassara ce mai kyau, domin ta dace da abin da Brown ya kasa haɗiyewa. Amma ma'aunin da muka tsaya a kai shi ne a bi alamar a ga aikin da take yi: ribom ya bayyana kafin tafiya, ya faɗo a daidai lokacin da Brown ya yanke ƙauna, ya sake bayyana da safe yadda yake. Bai sauya ba, idon mai kallonsa ne ya sauya. Duk fassarar da ba ta iya ɗaukar waɗannan wurare uku, to daga aljihun mai fassara ta fito.

Labarin yana da rauninsa. Sanya wa mata suna Imani ya yi kama da nuni da tsinin mashi, mai karatu ba yaro ba ne. Kuma an tauye matar: ta zauna shekaru da miji mai ɗaure fuska, ta haifa masa 'ya'ya, ta raka gawarsa tana tsohuwa, amma ba a ba mu ko jimla ɗaya ta abin da ke ranta ba. Mata a gidajenmu da aka ba su labarin, wannan suka fara tambaya, kuma suna da gaskiya.

Duk da haka muna ganin ya cancanci a fassara shi da Hausa. Mutanen Salem ma 'yan ci-rani ne da suka baro Ingila, suka dunƙule wuri guda, kowa ya san tukunyar kowa. Mun san daɗin irin wannan zama, mun san kuma yadda "an ce" ke zagaye unguwa kafin a idar da la'asar. Akwai tsohuwar da aka daina cin abincinta saboda yaro ya ambaci sunanta cikin zafin zazzaɓi. Akwai auren da ya mutu saboda an hango mai kama da wance a bakin tasha. Mu da muka san zafin a yi mana kuɗin goro a waje, bai kamata mu riƙa yi wa juna a cikin gida ba.

Dattijon nan har yau yana kan bakarsa cewa Brown ya ga abin da ya gani. Muka ce mun ji, Baba, a ɗauka ya gani ɗin. Ya tambayi matarsa? Bai ce komai ba, ya dai ce a gaya wa yaron ya zo da wani labarin in ya dawo hutu.